Zanin Alhaji Namadi a Dutsen Girka

Wani mutum ne a Gusau, Alhaji Namadi, dillalin fata. Allah ya ba shi kasuwa, ya kuma ba shi baki. Idan ya zauna a majalisa, babu mai sake jin muryar kansa. Labarinsa kullum ɗaya ne: wai yana saurayi, da hannu da ƙafa yake hawa Dutsen Kwatarkwashi ya ciro 'ya'yan mikiya daga sheƙa, uwar tana kallo ba ta isa ta ce uffan ba. Mu kuwa da muka san shi, mun san ko tsanin rufin ɗaki ya taka sai jiri ya ɗebe shi.

To, sai ga shi yana neman wata bazawara, Hajiya Turai mai atamfofi. Mace ce mai shiru-shiru, ba ta musu, sai dai ta yi murmushi ta ajiye magana a ranta. Ta ce masa aurenta yana hannun yayanta, Dakta Lawwali, likita ne da ya shekara ashirin a ƙasar Girka. Sai ya ga mutum ido da ido kafin ya ce e ko a'a. Da Hajiya ta tafi ziyara can, Namadi ya fake da baje kolin fata, ya bi ta.

Daren farko ma bai bari an gama cin abinci ba ya ɓaro labarin mikiya. Likita ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla, Alhaji. Ashe gobe ranarka ce. Na ɗauko mana mota da direba, mu uku kacal. Za mu ga kogo, sannan mu hau wani gidan ibadar sufayen Kirista da aka gina a ƙoƙuwar dutse. Sai dai fa kowa ya yi shigar mutunci. Ba a shiga wurin da gajeren wando."

Namadi ya ajiye cokali. Shi ya zaci irin doguwar motar nan ce mai mutum hamsin, inda zai laɓe a kujerar baya har a je a dawo. Mu uku kacal? Ina wurin ɓuya? Amma da ya tuna maganar gajeren wando, sai ya ji sanyi a ransa. Ai ga mafita an miƙo masa a faranti.

Da safe ya fito. Babu babbar riga, babu hula. Gajeren wando iya gwiwa, da takalmin 'yan ƙwallo, ga ƙwauri nan siri-siri kamar sillen kara, ba su taɓa ganin rana ba.

Hajiya ta kau da kai. Likita ya ce, "Alhaji, ba ka ji abin da na faɗa jiya ba?"

"Likita, mu mahaya dutse ba ma hawa da zumbuleliyar riga. Ƙa'idar aiki ce."

Direban, wani dattijo mai gashin baki wai shi Tanasi, ya kalle shi sama da ƙasa, ya tayar da mota. Hanya ta yi ta murɗewa cikin duwatsu. Hagu itatuwan zaitun, dama wawakeken rami. Hajiya tana ta tasbihi saboda kyan wurin. Namadi kuwa idonsa na kan bayan kujera, bakinsa bai huta ba.

"Waɗannan ne duwatsun? Ai a wurinmu suri ake ce musu."

Aka tsaya a kogo. Sanyi, duhu, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Namadi na tsaka da ba da labarin kurar da ya shaƙe a irin wannan kogo, sai ɗigo ɗaya ya sauka a ƙeyarsa.

"Wayyo Allah! Inna!"

Kogon ya amsa, "Inna! Inna!" har sau uku.

"Lafiya, Alhaji?" in ji Hajiya.

"Zurfin kogon nake gwadawa. Haka muke yi."

Da hantsi suka iso gindin dutsen. Jama'a, dutse ne a tsaye ƙyam kamar taɓarya, ga gini can sama a ɗane, ga matakala an sassaƙa a jikinsa tana zagayawa. Namadi ya ɗaga kai, ya yi sauri ya sauke. Amma ya dake, don ya san yana da makami.

A bakin ƙofa wani sufi ne tsoho, baƙar riga har ƙasa, gemu har ƙirji. Ya dubi ƙwaurin Namadi, ya girgiza kai, ya yi magana da Girkanci.

"Ya ce ba za ka shiga haka ba," in ji Likita.

Namadi ya buga cinya fau! "Kash! Kash! Yau da kun ga aiki! Wallahi da kafin ku taka matakala goma na kai sama na dawo. Amma dokar mutane dokar mutane ce, ba zan karya ba. Ku je, Hajiya, ina nan ina jiranku."

Har ya juya zai koma mota, baki har kunne, sai sufin ya tafa hannu. Ya jawo wani kwando daga bayan ƙofa. Ashe mutanen nan sun daɗe da sanin irin su Namadi: suna ajiye kayan aro don baƙi. Sai dai dogayen wandunan duk wata tawaga ta riga ta kwashe. Abin da ya rage zani ne, shuɗi mai furanni.

"Ya ce ka ɗaura wannan," in ji Likita, fuskarsa ko gezau. "Kada doka ta hana mu ganin gwaninta."

Namadi ya dubi zani, ya dubi Hajiya. In ya ƙi, ƙarya ta fito. In ya karɓa, ga dutse. Ya karɓa. Ya naɗa ta hagu, ya zame. Ya naɗa ta dama, ya zame.

"Ba haka ake yi ba, Alhaji," in ji Hajiya a hankali. "Ja gefen nan, ka soke a ƙugu. Yauwa. Ka ga ya zauna."

Aka kama hawa. Matakala ɗari da arba'in. Namadi ya manna fuska a jikin dutse, hannu ɗaya na lalube, ɗaya na riƙe da zani, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta wuce shi, ta dafa kafaɗarsa ta ba shi haƙuri. Da rarrafe ya ƙarasa sama, gumi sharkaf.

Hawa ashe wasa ne. Da aka gama zagaya wurin aka zo sauka, ya leƙa ƙasa, ya hango motarsu kamar ƙwaro. Nan take ya ja da baya. Ya zauna daɓas, ya rungume wata tukunyar fure.

"Alhaji, tashi mana," in ji Likita.

"Likita, ka yi wa girman Allah. Ni ko katanga ban taɓa hawa ba. A bar ni nan, zan riƙa yi musu shara."

Aka yi lallashi, aka ba shi ruwa, a banza. Daga ƙarshe sufaye suka yi shawara. Suna da wata raga ta igiya da suke jawo cefane da ita daga ƙasa. Yau kuma ranar mayar da buhunan albasa ce da jarkokin man zaitun da suka ƙare. Aka ɗauki Namadi cak, aka cusa shi tsakiyarsu, aka ɗaure bakin raga.

Likita da Hajiya suka sauka da ƙafarsu, suka tsaya kusa da Tanasi suna kallon sama. Ƙiiii, ƙiiii, na'urar sauke raga na juyawa. Ga raga tana saukowa tana lilo, ƙwauri biyu sun leƙo ta ramukanta, zani shuɗi na kaɗawa a iska, murya na fitowa daga cikin buhuna: "La'ilaha illallahu! A hankali! Na tuba!" Masu yawon buɗe ido duk suka ɗaga wayoyinsu.

Tim! Raga ta dire. Aka kwance, Namadi ya mirgino waje yana warin albasa. Har yanzu hannunsa na damƙe da zanin, ya ƙi saki.

Likita ya gyara tabarau, ya dubi ƙanwarsa. "To, Turai, ni dai na gani. Ke me kika ce?"

Hajiya ta yi murmushin nan nata, ta gyara mayafi.

"Yaya, miji na ce ka duba mini, ba wadda za mu riƙa aron zani da ita ba."