Gilashin Majigin Ɗangana

"...ina kuma gajiya, amaryata? Ƙasusuwan sun kwana wurinsu, ko an tsinto wasu tsakar gida?"

"Sun kwana lahiya, sun hi naka ƙwari. Wa ya rasu, da kaz zo gaishe ni da hantsi har da goro?"

Abba ya durƙusa ya ajiye ƙullin goron a gefen tabarma. Dudu, kakarsa wadda ta haifi babansa, tana zaune a inuwar mangwaron gidansu na Yelwa, kwandon ɗinki a gabanta, tana kalmasa bakin wani zane. Sunan marigayi mijinta aka sa wa Abba, don haka ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba. In ta so shi ta ce maigida, in ya ɓata mata ta ce ragon miji.

Yau kuwa da buƙata ya zo. Yana da ɗan gidan kallo kusa da tashar 'yan kabu-kabu, ga shi an gayyace shi Abuja taron masu gidajen silima, inda kamfanoni ke baje kolin sababbin injina. An ware wani ɓangare na kayan da, shi kuma ya yi alkawarin kai majigin kakansa Ɗangana ya kunna a gaban taro. Ya daɗe yana fama da injin har ya tashi. Abu ɗaya ya rage, gilashin da ake ɗaurawa a bakinsa, wanda in babu shi sai dai haske fari fat a bango. Ya birkice ɗakin ajiya bai gani ba, sai jiya ƙanwarsa Jamila ta raɗa masa cewa yana cikin kwandon Dudu. Mota kuwa gobe da safe za ta tashi.

"Haba Dudu, miji bai kawo ma matatai goro sai an yi mutuwa?"

"Mijin da ya shekara bai ba ni ko kan tarwaɗa ba? Hwaɗi abin da kaka biɗa, aiki nika yi."

"Abuja za ni gobe."

"Allah sarki! Sun rasa mai share masu titi?"

"Taron manya za ni. Masu gidajen silima, waɗanda kujerunsu mutum ka kwantawa ciki, sanyi na busa shi."

"Kai kuma mi za ka ce masu? Ka ce ni na Abba na Yelwa, ina da benci da kwano mai yoyo, in anka ci ƙwallo 'yan kabu-kabu su ɓalle min ƙyaure?"

"Bencina ya hi kujerunsu albarka. Ke ma da za ki zo, wurin gaba zan ba ki, kusa da fanka."

"In zo in shaƙi warin hammatar samari? Na yahe, ka ba wata."

Zarenta ya ƙare. Ta soke allurar a jikin wani ƙullin tsumma, ta sa hannu cikin kwando ta fito da wani baƙin abu mai kamar ƙaramin gwangwani. Ta kara shi a ido, ta laso bakin zare, ta zura shi cikin kafar allura karo ɗaya. Abba ya ƙura masa ido. Ga shi nan, har da ɗan fashewar fenti a gefe, daidai yadda babansa ya kwatanta masa.

"Wancan nika so."

"Ni? Ka makara, na tsuhwa."

"Ke ai ko kyauta anka ba ni sai an haɗa min da buhun shinkahwa. Abin da ke hannunki nika nuhi."

Ta mayar da gilashin cikin kwando, ta jawo kwandon ta danne da gwiwa.

"Af! Ashe goron na cin hanci na. Ɗauki abinka."

"Aro zan yi, Dudu. In nuna ma duniya injin kakana, in maido miki."

"Abuja na maido abu? Su da sunka sa garinmu ƙarƙashin ruwa, sun maido shi?"

"Lokacin da anka yi dam ko Abujar ba a gina ba."

"Duk su ɗaya na! Za su gani su ce kai, wanga abin tarihi na, su kulle shi cikin akwatin gilashi, su ba ka takarda mai tambari. Da takarda zan zura zare?"

"Sai in sayo miki tabarau."

"Na sa tabarau in yi kama da mujiya, ka samu abin dariya? Babanka ya sayo min, gani nika yi ƙasa na tasowa ta mare ni. Wanga shi ya san idona."

Abba ya gyara zama. Ya san kakarsa: in aka ja ta ta cije, in aka saurara ta saki da kanta. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa mata ɓarin da ya fi girma.

"Wai da gaske a jirgi yaka ɗaukar injin ga? Nauyinai ya kusa karya min baya."

"Don kai ragon miji na! Shi shi kaɗai ka ɗaga shi. Ya aza majigi tsakiyar jirgi, ya lulluɓe da tabarma saboda ruwa, janareta baya, gwangwanayen him ɗin da zai nuna gaba, ya bi kasuwanni har Warra. Tun daga nesa yara ka hango jirgin su sheƙa cikin gari suna ihu, Ɗangana ya zo! Ko tuwo mace ka tuƙi ranar, da gudaje za a ci shi."

"Mi aka biya?"

"Wa ad da kuɗi? Sabon zama munka yi, ko bango bai gama bushewa ba. Mai banda ya ba da banda, mai gero ya ba da gero. Wani dattijo da agwagwa yaz zo, anka ɗaure ta jikin janareta, ta yi ta kuka har anka tashi."

Muryarta ta sauka. Ta bar ɗinkin a cinya, tana kallon wajen katanga, ta inda kogi yake.

"Sai a kahwa gora biyu bakin ruwa, a ɗaura hwarin zane. Maza gaba, wajen injin. Mu mata bayan zanen muka zama, don hoton na ratsowa ta baya. Ni kuwa ina budurwa, soyayyen warangi nika saidawa, kihin nan ƙanana, da 'yar hitilata ta aci-balbal. Ashe hasken na ɓata masu hoto ta gaba. Sai ga wani dogo ya zagayo yana huci, wai wace mara hankali ta kunna wuta bayan allo? Nic ce ni ta, in ka isa ka kashe."

"Ya kashe?"

"Ya saye kihin duka, ya tsaya nan yana ci. Him ya tsinke, maza na ta ihu, shi yana bayan zane yana tambayar sunan babana."

Abba ya yi dariya, ko da yake ya sha jin labarin. Ta share gefen ido da bakin kallabi, ta harare shi.

"Kai mi ka taɓa saye don mace? Ko ƙosai?"

"Ni ai gadonki na yi, ba a biyan sadaki sau biyu. To wane him kinka hi so?"

"Na Indiya mana. Mutane masu kyau, ga gashi, ga waƙa. Abu guda ya ɓata su, duk bahagwai na."

"Su wa?"

"Indiyawa. Ƙasa guda babu mai hannun dama. Da hagu suka cin abinci, da hagu suka gaisawa, sarkinsu ma da hagu yaka riƙon takobi. Har na ce ma kakanka, waɗanga uwayensu ba su kwaɓa masu?"

Abba ya saki baki. Sai abin ya faɗo masa, ya kwashe da dariya har ya kwanta a tabarma.

"Dudu! Ta baya kika kallo! Wanda ke bayan zane komi juye yaka ganinai. Dama ta koma hagu!"

"Ƙarya kaka yi, mai kai kamar tulun da anka fasa gasawa."

"Wallahi da dama suka ci, kamar ni da ke."

"Ni da nig gani da idona tun ba a haihi ubanka ba? Tambayi duk wata tsohuwa daga nan har Shanga."

"Ai duk bayan zane kunka zauna! Shi Kaka mi ya ce miki?"

"Dariya yay yi. Ya ce haka Allah ya yi su."

"Kin gani? Ya bar ki da abinki don kar ki daina ba shi dariya."

"Ja'iri!" Ba a san wanda take nufi ba, jikan ko mai sunan. Ta ɗauki allura ta ajiye. "Ya ce wata rana zai kahwa min zane tsakar gida, ni kaɗai, in zauna gaba kamar hakimi. Yau gobe, yau gobe, sai bidiyo taz zo, kowa ya sa akwati ɗakinai. Injin ya shiga ɗakin ajiya. Da idona ya hwara rauni, shi da kanai ya kwance gilashin ga ya ba ni, ya ce tunda ya daina nuna ma gari, ya nuna min kahwar allura."

Abba ya tashi zaune. Dariyar ta tafi. Sai yanzu ya ga girman abin da ya zo roƙo, har ya ji kunyar goron da ya kawo. Ya yi niyyar cewa ta bar shi, zai je Abuja da injin makaho ya faɗa musu gaskiya. Amma ya san in ya yi mata magana mai taushi, sai ta kore shi da muciya.

"To shi ke nan," ya ce, yana kakkaɓe riga. "Riƙe abinki. Akwai ragowar him guda cikin gwangwani, ba farko ba ƙarshe, amma akwai wurin cin abinci. Na so in kahwa zane nan bayan magariba in ƙaryata ki gaban Jamila da Inna. Tunda tsoro kika ji, a bar Indiyawa da hagunsu."

"Wa ka jin tsoro?"

"Ke."

"Ni Dudu? Ɗauko injin!"

"Bai gani sai da gilashi."

Ta riga ta sa hannu cikin kwando kafin ta farga. Ta tsaya, ta dube shi, ta dubi hannunta. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke girgiza mata kafaɗu ba sauti.

"Ɗan banza! Haka shi ma yaka yi min. Wanga ba suna kaɗai kag gada ba."

Ba ta miƙa masa ba tukuna. Ta zazzage wata 'yar kwalba a kan zane, allurai suka zubo, manya da ƙanana, ta tura masa ƙullin tsumma da zare.

"Kahin ka taɓa shi, ka zura min zare cikin waɗanga duka, ka jera. Su za su riƙe ni har ka dawo. Ranar da ta ƙarshe ta ƙare ban ga gilashina ba, na sake ka, in auri mai kabu-kabu."

"Wanga ai wasan yara na."

Ya ɗauki allura, ya laso zare, ya kai. Zare ya lanƙwashe. Ya sake lasa, ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga sama wajen haske. Zare ya wuce ta gefe. Ya gwada har gumi ya tsattsafo masa a hanci, Dudu na tauna goro tana kallonsa kamar ta biya kuɗin shiga.

"Waya ta cinye maka ido, ragon miji. Ungo, kar ka kwana nan."

Ta ɗora masa gilashin a tafin hannu. Da ɗuminta a jikinsa. Ya kara a ido, sai kafar allura ta buɗe kamar ƙofar zaure, zare ya shige.

"In ka je," ta ce, "ka hwaɗa masu sunanai da kyau. Ka ce a jirgi yaka kai shi, ka ce da banda aka biya. Kar ka tsaya kana rawar murya gaban masu kujerun kwanciya."

"Zan hwaɗi har da mai hitilar da ta ɓata hoto."

"Ka hwaɗa in tsine maka."

"To anjima ina zan shimhiɗa miki? Ga kujerar Baba mai hannu, in aje miki gaba tsakiya, kamar hakimi. Alkawarin miji ai miji ka cika shi."

Dudu ta zaro allura ɗaya daga waɗanda ya zura, ta ci gaba da kalmasa zanenta.

"Ka ba Jamila kujerar," ta ce. "Ni kai min tabarmata bayan zane. Can yaz zo ya iske ni. Indiyawana kuma ka bar min su yadda na san su, ku na gaba ku ji da naku."