Kujeru Arba'in a Gidan Gem na Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na yi hayar kujeru arba'in, mutum uku suka zauna (ni ne na ukun).

A gidan gem na Baba Yohanna, bayan tashar Talata Mafara, muka ƙare ƙuruciyarmu. Talabijin huɗu ne, da benci biyu, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Dokar gidan ba wuya: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci mutum goma a jere kuma Baba ya rubuta sunansa a bango da gawayi. Sunana ne a can sama. Ban taɓa zuwa na ɗaya a makaranta ba, amma a bangon nan ni ne sarki, har daga Bakura da Maradun ake hawo babur don a kara da ni.

Sai gidan ya fara mutuwa a hankali. Talabijin suka koma biyu, hannuwan gem duk an ɗaɗɗaure su da roba. 'Yan ƙwallon da ke cikin faifan gem ɗin tuni sun yi ritaya a duniya, amma a wurin Baba suna nan suna gudu. Matasa suka koma waya. Ni ma na samu aiki wajen Bakolori, na yi aure, na ɗauke ƙafa.

Da na ji Baba zai rufe, zai sakar wa wani Alhaji shagon ya zuba albasa, raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira shi na ce kada ya miƙa makulli, zan tara tsofaffin 'yan gidan mu yi gasa, kowa ya ga wurin da sauran ransa. Ya ce, "To, ɗana. In sun taho, ba ni ba da makulli."

Na aika wa mutum arba'in saƙo. Kowa ya ce in sha Allahu (yanzu na gane irin wannan in sha Allahun). Na kafa rumfa, na sha babbar riga, har jawabi na rubuta.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ba kowa sai Baba da Alhajin albasa, wanda ya zo tun da wuri yana auna shagon da ido. Kunya ta ishe ni har ta koma fushi. Na miƙe na karanta wa kujeru jawabina. Na ce mutanenmu butulu ne. Na ce waya ce ta kashe gidan nan, kuma duk mai buga gem a waya maci amana ne. Don maganar ta shiga, na daki ƙirji da ƙarfi.

Daidai kan aljihu na daka. Ashe wasan ƙwallon da nake ta bugawa a waya ina jiran baƙi, tsayar da shi kawai na yi, ban rufe ba. Ihun 'yan kallo ya ɓarke daga cikin babbar rigata, har da usur.

Alhaji ya ce, "Malam, mi ka kuwwa cikin aljihunka?"

Baba bai yi dariya ba, da ma ya yi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da nan?" Shekara bakwai ke nan rabona da wurin. Ya ciro makulli ya miƙa wa Alhaji a gabana, sannan ya taya ni tattara kujerun. Wannan taimakon ya fi zagi ciwo.

Baba ya koma garinsu, ban ma iya zuwa rakiya ba. Kwanan baya na bi ta ƙofar shagon na leƙa. Buhunan albasa sun rufe sunayen kowa, nawa kaɗai ya rage a sama, ba mai karanta shi.

Tun ranar nan, in na ji ana neman wanda ya kashe wani abu da muke so, sai na laluba aljihuna kafin in buɗe baki.