Gwajin Gudu a Gindin Madatsar Laka

Jama'a, yau da hantsi na yi gudun da rabona da irinsa tun ina saurayi, kuma har yanzu da nake wannan rubutu gwiwata ba ta yafe mini ba. Ba kare ne ya biyo ni ba. Manya ne suka zo koya mana yadda za mu tsira da rayukanmu.

Ga wanda bai san ƙauyenmu ba, muna nan ƙasar Ngaski, tsakanin tudu da bakin ruwa. Shekara uku ke nan wani kamfani yana wankin zinare a kan tudun. Zinaren dai ba mu taɓa ganin ƙyallinsa ba, amma lakar da ke saura bayan wanki an bar mana ita kyauta. An tara ta a wani makeken tafki, an tare da ganuwar jar ƙasa, daidai saman gidajenmu.

Maƙwabcina Sallau, gonar shinkafarsa tana gindin ganuwar. Tun farkon damina ya lura da wani ruwa mai launin toka yana tsattsafowa ta ƙasa, shinkafar da ke wajen ta yi ja ta kwanta. Sau huɗu yana hawa babur ya kai kuka ofishin kamfanin. Sau huɗu ana ce masa mai sa hannu ya tafi taro.

To, yau aka amsa. Motoci uku suka iso, daga ta tsakiya Yallaɓai Mai Hular Kwano ya fito fes da shi, takalmi sai sheƙi yake. Ya tara mu a ƙofar masallaci ya ce madatsar nan lafiyarta ƙalau, shi da kansa ya duba ta a hoton da aka ɗauka daga sama. Sallau ya rusuna ya ce daga sama ba a ganin gindi, kuma tafiyar minti biyar ce in za a taka. Yallaɓai ya dubi agogo ya ce tsarin yau bai tanadi tattaki ba. Ni kam na jinjina masa. Mai gano lafiyar ganuwa daga hoto, da likita ya zama da mun huta da layin asibiti.

Sai aka zo gwaji. Aka ce da mun ji jiniya kowa ya ruga zuwa wani koren allo da suka kafa jiya, can ne wurin tsira. Jiniya ta ƙi tashi saboda an manta batir, don haka wani ma'aikaci ya busa usur. Muka zuba a guje, liman a gaba ya tattare babbar riga, ni a baya ina haki. Gudun ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata, sai da muka isa na gane dalili. Ashe gangara muke ta yi. A fadama aka kafa allon, gefen gonar Sallau, domin nan ne mota take iya zuwa.

Mutum ɗaya ce ta saɓa umarni. Inna Lubabatu mai bandar kifi ta ja akuyarta ta haye tudun tsohuwar kasuwa a tsanake. Mai kiran suna ya ce duk wanda bai iso allo ba, a dokar gwaji ya rasu. Aka aika ta sauko, ta gaida Yallaɓai yadda ya kamata, sannan ta ce:

"Shekarata sittin bakin ruwan ga, ban taɓa ganin ruwa ya hau tudu ba. Inda kunka tara mutane, nan laka za ta hwara iske su."

Yallaɓai ya buɗe baki zai yi mata bayani, sai ya ji sanyi a ƙafa. Takalminsa ya nutse cikin ruwan tokar har idon sawu.

Sallau ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, wanga shi ne ruwan da nike ta zuwa kansa. Ga rijiyarmu can, taku ashirin."

A nan fuskar Yallaɓai ta sauya, kuma in faɗi gaskiya na ɗan tausaya masa. Ya dubi rijiyar, ya ɗaga kai ya dubi ganuwar da ta tsaya a kanmu kamar bene. Sai ya nemi ruwan gora a wanke masa ƙafa. Bayan nan ya ce za a kafa kwamiti. Batun matsar da allo kuwa, ya ce sai an samu izini daga sama.

Motoci na tashi, muka yi azahar muka ɗauko diga. Ba mu jira izinin ba, Allah ya yafe mana. Muka tumɓuke allon muka kai shi tudu, muka rufe rijiyar da kwanon rufi muka danne da duwatsu. Daga yau mata sai sun je unguwar gabas ɗebo ruwa, tafiya mai nisa da tulu a ka. Sallau ya zagaya gonarsa ya dawo ya ce rabi ta tafi, yana roƙon Allah ya bar masa rabin. Ganuwa kuwa tana nan tana tsattsafo, ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

Kafin su tafi, ɗaya daga cikin direbobin ya raɗa mini abin da aka rubuta a rahoto: gwaji ya yi nasara ƙwarai, mutum ɗaya kacal aka rasa. Saboda haka in kun zo garinmu kuka ji usur, kada ku bi ni, kada ku bi liman. Ku bi marigayiya.