Farfesan da Aka Ce Min "Hands-on" Ne

Ba zan taɓa mantawa da watana na farko a jami'armu ta Lembah Pantai, can ƙasar waje, ba. Na zo digiri na uku a kimiyyar ƙasar noma, aka haɗa ni da wani farfesa ɗan ƙasar, dattijo mai yawan fara'a. Na tambayi wata tsohuwar ɗalibarsa, Nurul, yaya halinsa yake. Ta yi murmushi ta ce, "Yana da kirki, amma fa very hands-on lah, musamman da sababbin ɗalibai."

Na ce a raina, wato mai taɓa mata ne. Hand dai hannu ne, on kuwa a kan. Ga murmushin nan nata, ga kuma "musamman". (Ni ce fa mai gyara wa ƙannena Turanci a gida.) Neman canjin farfesa kuma ba hali, don sai da sa hannunsa tallafin karatuna zai ci gaba.

Sai na sa masa ido. In ya miƙo takarda, in ce ya ajiye a tebur. In ya matso duba na'ura, in ja baya har in bugi firji. Da ya ce in same shi a gonar gwaji ranar Asabar mu ɗebi ƙasa, na ce a raina, to, an zo wurin.

Na tafi da maigidana, tun a jirgin ƙasa yake huci. Muka tarar da Farfesa cikin taɓo har gwiwa, matarsa na gindin bishiya tana zuba shayi. Duk da haka maigida ya gyara murya, ya ce da Turanci, "Farfesa, an ce mana kai hands-on ne. Wannan matar aure ce."

Farfesa ya dube shi, ya dubi hannuwansa. Matarsa ce ta fara dariya, har shayin ya zube.

"Nufinsu ba na zama a ofis ina ba da umarni," in ji shi a natse. "Da kaina nake shiga aikin tare da ɗalibai. Tunda ka zo, ga shebur."

Haka maigida ya yini yana haƙa rami cikin shaddarsa ta Juma'a. Da muka sauka a tashar Pantai Dalam, sai ya juyo ya ce min:

"Ke da waya a hannu, duba ƙamus ya gagare ki?"

Na ce, "Kai fa, Abban Hanifa?"

Har na kammala, Farfesa bai sake tayar da zancen ba, sai dai duk ranar zuwa gona yakan tambaya ko maigida yana da sarari. Yanzu kalmar Turanci ko ta yi kama da wadda na sani, sai na bincika kafin in gayyato kowa faɗa.