Jirgin Ƙasan da Na Aika wa Rifkatu a Ɓoye

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da kwamfuta ta tona mini asiri a Kafanchan, a gaban mutanen da na fi damunsu da wa'azin gaskiya. Yau shekaru sun ja, gashin kaina ya yi fari (wanda bai gudu ba ke nan), amma duk sa'ad da na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da za a ce in koma ranar in sake shan wannan kunyar, da gudu zan koma.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina koyar da lissafi a wata sakandare, tuzuru ne ni, mai keke ɗaya da girman kai buhu guda. Abokina Yakubu ya dawo daga Jos da tsofaffin kwamfutoci biyu, ya kama shago kusa da tashar jirgin ƙasa yana koya wa mutane buga takardu. A cikin ɗayarsu muka tsinci wani wasa da tsohon mai ita ya bari. Wasan kafa ƙasa ne. Kowa ya fara da ɗan ƙauye, ya yi noma, ya gina garuruwa, masanansa kuma su yi ta bincike suna gano fasaha ɗaya bayan ɗaya: ginin tukwane, ƙira, rubutu, har a kai ga bindiga da jirgin ƙasa. Bi da bi ake yi kamar dara. Ka gama naka, ka danna maɓalli, ka tashi wani ya zauna.

Mu huɗu muke yi, kowace Asabar da rana. Ni, da Yakubu, da Buba, wani Bafulatani ma'aikacin lafiyar dabbobi wanda ba ya gaggawar magana, sai Rifkatu, ƙanwar Yakubu, nas ce a wani ƙaramin asibiti. Tun da allon kwamfutar ɗaya ne, idan mutum yana nasa sauran sai su fita su zauna a benci a ƙofar shago, kada su ga sirrin ƙasarsa. A kan wannan bencin muke shan rake, muna kallon tsofaffin taragu suna tsatsa a kan layi. A kansa kuma nake zama kusa da Rifkatu ina yi mata bayanin abubuwan da ba ta tambaye ni ba. Wata shida ina haka. Abin da ke raina kuwa ko kalma ɗaya ban furta ba.

Rigima ta taso ranar da muka gano cewa wasan ya yarda sarki ya aika wa wani sarki fasahar da ya gano, ko kyauta ko musaya. Nan take aka rabu. A bari ko a hana?

Yakubu ya ce a bari. "A ƙauyenmu, in maƙwabcinka bai da irin citta, kana ba shi. Baɗi shi ma zai ba ka doya. Wane irin ƙasa ne wannan da mutum zai ɓoye iri?"

Buba ya ɓare rakensa tukuna, sannan ya ce, "Mu ma, wanda shanunsa suka ƙare, ana ba shi aron karsana. Ta haihu masa, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Ba a barin mutum da sanda kawai."

Sai ni, Malam Sarkin Gaskiya, na miƙe tsaye (a ƙofar shago fa, mutane na wucewa). Na ce wannan satar amsa ce tsagwaronta. Na ce ni da nake ƙwace takardun da yara ke ɓoyewa a safa ranar jarrabawa ba zan zauna a yi ta a gabana ba. Na ce kowa ya ci guminsa, wanda ya yi barci ya tashi ya ga an wuce shi. Na kawo misalai, na kawo karin magana, har aya sai da na jawo. Abin da ban faɗa ba shi ne, a lokacin ni ne kan gaba a wasan, kuma ba na son kowa ya kamo ni.

Rifkatu ta dube ni ta ce, "Ticha, ni a gani na, a bari, amma a yi shi a fili kowa na gani." Ban saurare ta ba, ina tsakiyar jin daɗin muryata.

Don su huta da surutuna suka sallama. Na samo kwali da jan biro na rubuta doka da hannuna: babu ba da fasaha, babu karɓa, wanda ya karya zai share shagon nan wata guda. Yakubu ya ce in ƙara ɗaya: idan wani bai zo ba, kada wasa ya tsaya, sauran su taru su yi masa nasa a fili, kamar yadda ake yi wa marar lafiya gayya a gonarsa. Na rubuta wannan ma, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Muka sa hannu, aka manna a bango. Sa hannuna ya fi na kowa girma.

To, ita Rifkatu ba ta iya mugunta ba. Mu muna ƙera makamai, ita tana gina rumbuna da wuraren shan magani. Kafin wata biyu Yakubu ya sami bindiga, Buba ya cika fili da dawaki, ni kuwa masanana suka gano jirgin ƙasa, abin da babu wanda ya kai. Ɗan ma'aikacin reluwe ne ni, a barikin ma'aikata aka haife ni, don haka ranar sai da na yi kamar in yi kuka. Mutanen Rifkatu kuwa har lokacin kwari da baka suke riƙe da shi.

Wata Asabar muna kan benci ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wannan wasa ya ishe ni. Kowane sati ana cin garuruwa na. In sati mai zuwa ban ga canji ba, zan koma koyon waƙa a coci, dama suna nema na."

Idan ta daina zuwa, a ina zan riƙa ganinta? Ba cocinmu ɗaya ba, ba ni da ciwon da zai kai ni asibitinsu, kuma ba ni da ƙarfin halin zuwa ƙofar gidansu in yi sallama. Wannan bencin shi ne iyakar abin da nake da shi.

Ni ne na ƙarshe a layi, ita ce ta farko. Da na shiga yin nawa, na leƙa ƙofa, na ga duk sun ba ni baya. Na ɗaga kai na ga kwalin da jan rubutuna. Na kawar da ido. Na buɗe wurin aika saƙo tsakanin sarakuna, na zaɓi jirgin ƙasa, na zaɓi ƙasar Rifkatu. Kwamfuta ta tambaye ni me nake so a madadinsa, na ce ba komai. Na danna, na adana wasan, muka rufe shago. Lissafina (malamin lissafi ne fa) shi ne: Asabar mai zuwa za ta zauna ita kaɗai, saƙon ya fito, ta gani, ta gane, ta fito ta yi mini wani irin murmushi. Ka ga an yi zance ba tare da na buɗe baki ba. Mako guda ina goge takalmi saboda wannan murmushin.

Asabar ta zo. Na iso da riga mai guga. Muka jira, muka jira, babu Rifkatu. Sai Yakubu ya ce ta aiko, wata mata na naƙuda a asibiti, za ta yi latti.

"To, gayya ke nan," in ji shi, ya jawo kujera. "Ku zo mu yi mata."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce ai bai kamata ba, mu jira ta. Na ce ƙasar mace akwai sirri. Na ce kaina ma na ciwo, ko za mu ɗaga sai wani makon? Buba ya ɗaga sandar rakensa ya nuna kwali, daidai wurin da na ja layi biyu.

Na koma addu'a a zuci, Allah Ya sa a ɗauke wuta. A garin da wuta ba ta cika awa biyu ba ta ƙifta ba, ranar ta tsaya daram kamar an yi mata gargaɗi.

Muka taru mu uku a gaban allo. Yakubu ya buɗe wasan. Sai aka busa wata 'yar kakaki, hoton sarkina ya fito da rawaninsa da gemunsa, ga rubutu ɓaro-ɓaro a ƙasa. Buba ya matso, ya karanta a hankali, yana fassara mana kamar mai karanta wasiƙa a gaban alƙali: sarkin ƙasar Ticha yana miƙa wa sarauniya ilimin jirgin ƙasa. Abin da yake nema a madadi: babu.

Buba ya ɗago kai ya dube ni.

"Babu," Buba ya maimaita. "Ticha, mu ko karsana muka ba da aro, ana dawo da uwar. Kai har uwar ka bar mata."

Yakubu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni. "Malam, tsaya in gane. Wannan satar amsa ne, ko kayan gaisuwan iyaye ne? Domin in gaisuwa ne, ni ne wanta, ban ga goro ba, ban ga akuya ba, sai jirgi."

Na buɗe baki na ce wataƙila hannuna ne ya zame. (Hannun da ya zame sau huɗu a jere, kowanne a kan maɓallin da ya dace.) Suka fashe da dariya, Yakubu har yana buga tebur, Buba kuwa ya rufe fuska da hularsa kafaɗunsa na rawa. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Rifkatu ce, da fararen kayan aiki, a gajiye.

"Namiji aka samu," ta ce. "Me ya faru kuke dariya?"

Suka dai matsa mata. Ta sunkuya ta karanta allon, ta ɗaga kai ta karanta kwalin, sannan ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ta miƙa yatsa ta danna wurin da ake ƙin karɓa. Sarkina da rawaninsa ya ɓace.

"Ticha," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "da ka tashi a gaban su Broda Yakubu ka ce a canza doka saboda ni, da na karɓa da hannu biyu. Abin da za a ba ni ta bayan gida, ba na so. In mutum yana da abu, ya kawo ta ƙofa."

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to. Yakubu ya miƙo mini tsintsiya.

A ranar aka sake zama a kan dokar. Aka yarda a yi musayar fasaha, da sharaɗin a faɗe ta da baki a kan benci kowa na ji, wato abin da Rifkatu ta faɗa tun farko. Ni ma na ɗaga hannu, wanda ba ya riƙe da tsintsiya. Ba ta koma koyon waƙa ba. Ta ƙulla ciniki da Buba, ta ba shi ilimin magani ya ba ta na dawaki, kafin wata guda ta cinye babban birnina da tashar jirginsa.

Wata guda cur ina share shagon nan bayan an tashi makaranta. Kusan kullum sai in tarar da ita zaune a benci, wai ta zo koyon buga takardu. In gaishe ta, ta amsa, in sunkuyar da kai in ci gaba da shara. Kunya ta hana ni ko haɗa ido da ita. A ganina ta riga ta ba ni amsa, a gaban shaidu.

Da damina aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Kasuwan Magani. Ba ma a jirgi ta tafi ba, a mota ta tafi. Na riƙe mata jaka har tasha, na yi mata bayani mai tsawo a kan lalacewar hanya. Bayan shekara biyu aka kawo mini katin bikinta.

Shagon ya daɗe da rufewa, ana sayar da taki a wurin yanzu. Buba ya koma wajen Kagoma. Na yi aure, na gode Allah, ba ni da abin kuka. Amma har yau idan na bi ta tashar nan sai in rage tafiya in dubi inda bencin yake, kewar waɗannan Asabar ɗin ta kama ni har in ji ta a ƙirji.

Shekaru da yawa bayan haka muka haɗu da Yakubu a wata jana'iza. Muka tuna baya, muka yi dariyar jirgin ƙasa. Sai ya ce, "Amma kai Ticha, ka san lissafi, ba ka san komai ba. Yarinyan nan ta iya buga takarda tun kafin in buɗe shago. Wata guda tana zuwa ta zauna a benci. Ta ce maka ka zo ta ƙofa, ta je ta zauna a bakin ƙofan, kai kuma kana ta shara."

Na dai ce to, kamar wancan karon.

Darasin da na koya, a makare, shi ne: kada ka rubuta dokar da zuciyarka ba ta sa hannu ba, kuma abin da za ka ba mutum, ka ba shi da bakinka, da rana, ta ƙofa. Kwamfuta ba ta iya riƙe sirri ba, ba ta kuma iya zuwa zance a madadin kowa.