Shirun da Na Yi wa Alhaji Bappa

Na dawo daga horon neman tallafi a Yola ina jin babu attajirin da zai gagare ni. Mai koyarwar ta ja mana kunne: "Idan ka faɗi buƙatarka, ka yi shiru. Kada ka riga shi magana."

Lokacin mutane sun fara komowa Mubi daga gudun hijira, ƙungiyarmu ta agaji na neman irin shuka don manoman ƙauyen Bahuli kafin ruwa ya sauka. Na ce wa shugabarmu, Madam Rahila, ta bar mini Alhaji Bappa, babban mai fataucin shanu.

Na same shi a zaure, na zauna ta hagunsa, na sunkuyar da kai na zayyana buƙata cikin ladabi. Sannan na ɗago, na kulle baki, na zuba masa ido. Ya dube ni, na dube shi. Gumi ya jiƙa mini riga, amma a raina ina cewa dabara tana ci.

Can ya girgiza kai da tausayi. "Sannu, ɗana. Tun gudun nan da yawa sun koma haka. Allah ya ba ka lafiya." Ya tofa mini addu'a, ya sa aka saka ni a keke napep.

Ashe kunnensa na hagu ba ya ji. Madam Rahila ce ta koma washegari, ta zauna ta damansa, ta samo irin.

Har yau in na yi shiru a taro, sai ta ce, "Kowa ya riƙe aljihunsa, Oga ya fara aiki."