Surukar Gwamnati da Idanun Gidanmu

Tun da safe ranar nan idona na hagu yake rawa. Na gaya wa uwar yara, ta matso ta leƙa fuskata, ta ce, "Malam, wane idon? Ni ban ga ko ɗaya ba." Ta yi dariyarta ta koma bakin murhu. Ni kuwa na san akwai abin da ke tafe, don idon nan bai taɓa yi mini rawar banza ba.

Bari in yi muku bayani, masu karatu, don kada ku ce matata ta raina ni. Mu a gidanmu Allah ya ba mu komai daidai gwargwado, ban da ido. Namu kamar an tsaga da reza ne. Haka kakana yake, haka mahaifina, haka ni, haka duk wanda na haifa. In muka yi dariya sai su ɓace gaba ɗaya, a nema a rasa. A bakin tashar manyan motoci, inda nake sana'ar faci, Baba Lumshe ake ce mini. Amma muna gani sarai. Ban taɓa faɗawa rijiya ba, ban taɓa gaida surukina da sunan wani ba.

To, rana ba ta gama ɗagawa ba, ina durƙushe ina cire tif daga wata taya, sai na ga ƙafafu a gabana. Na ɗaga kai. Babban ɗana ne, direban tirela, wanda ya kamata a ce a lokacin yana can kan hanya da lodin siminti. Ga shi tsaye, ba mota, ba makulli, da filasta guda biyu manne daga fatar idonsa zuwa gira, ido ya yi jajur yana zubar da ruwa.

Na ce, "Innalillahi! Hatsari ka yi?"

Ya ce, "A'a Baba. Suruka ce."

Wanda ba ya hulɗa da direbobi zai ɗauka rikicin aure ne. Ba shi ba ne. Masu Girma na sama, Allah ya ƙara musu lafiya da sanyin ofis, sun zauna sun gano cewa barci ne yake kashe mutane a hanya. Saboda haka suka yi doka: kowace babbar mota sai an liƙa mata wata na'ura a gaban sitiyari, mai ɗan ido guda, wadda aikinta kallon idon direba. Ya lumshe, ta ƙwalla ihu. Ya sake, ta sake. In abin ya yi yawa, ta kai ƙararsa can sama, a karɓe masa makulli. Direbobi suka sa mata suna Suruka, don tana zaune a gabanka, ba ta ƙiftawa, ba ta yabo, kuma duk abin da ka yi sai an ji a gida.

Ni da na ji dokar nan har addu'a na yi wa masu ita. Ban ƙi ta ba, Allah ya sani. Na daɗe a bakin titi. Na ga motocin da aka janyo kansu a murƙushe, na san matan da aka aika wa takalman mazajensu. Barci ɓarawo ne, kuma uban direba ba ya jin ƙarar waya ba tare da ya yi salati ba. Na ce madalla, an samu mai gadin yaron nan.

Ashe mai gadin ne zai kore shi.

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ba ni labari. Ya ce, "Baba, tun kafin in fita ƙofar tasha ta fara ihu. Na yi barcina na ƙoshi, na sha shayi, ina wasai. Na ce mata ga ni ido biyu, ta ƙara ihu. Wani ya ɗaga mini hannu na yi murmushi, kai ka ce wuta aka sa mata."

Na ce, "To wa ya aike ka murmushi? Ka san halin fuskar gidanmu."

"Shi ne na tsaya na sayi filasta na ɗaga fatar. Ta yi shiru kuwa. Amma Baba, ido ba ya ƙiftuwa. Iska na shiga, hawaye na zuba, hanya ta zama biyu. A wata kwana saura ƙiris in hau kan mai kura da kayansa. Na ɓare filastar don in gani, ta kai ƙarata. Na yi maza na mayar, amma aikin gama ya gama. Manaja ya aiko wani direban ya karɓi motar."

Na dafe kai. Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma a wannan karon ba karin magana ba ne. Yaron nan yana da mata, yana da jaririya, kuma sitiyarin nan shi ne gonarsa.

Maƙwabcina mai shayi, wanda kunnensa ya fi butarsa zafi, ya leƙo ya ce, "Baba Lumshe, ai laifinku ne. Gwamnati ta kawo ci gaba, ku kun tsaya da idon zamanin da."

Na ce, "Kai dai zuba mini ruwan bunu, ka bar siyasa."

Na wanke hannu, muka nufi wajen Manaja. Kamfanin nasu ba wani babba ba ne, motocin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Muka same shi ya haɗa tagumi, fanka na juyawa a kansa kamar ba ta so. Na gaishe shi, na ce, "Yallaɓai, dube ni da kyau. Barci nake yi?"

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Gaskiya Baba, ba don kana magana ba, da ban rantse ba."

Ya ce shi ya san yaron ba ya barci, ya fi kowa natsuwa a direbobinsa. Amma in ya mayar masa da makulli Suruka ta sake kai ƙara, lasisin kamfanin za a soke. Ya nuna mini tagar da ke kallon fili, ya ce, "Ka ga tayoyin can? Kai ne shaidata, kai kake musu faci. Abin da muka ware don sababbi, shi muka ba Suruka."

Gaskiya ya faɗa. Tayoyin nan sun suɗe kamar kan tsoho, faci a kan faci, har ba na gane inda aikina na bara ya ƙare na bana ya fara. Amma a cikin motar akwai sabuwar na'ura fil tana walƙiya. Wato in taya ta fashe a gangara, direba zai tafi lahira idonsa a buɗe, kamar yadda doka ta tanada.

Manaja ya ce mu je ofishin masu dokar, su kaɗai ke wanke direba.

Na koma gida na yi shiri. An ce gani ya kori ji, don haka na tafi da hujja. Na ɗauki yayata, wadda a duk zuriyarmu ita ce ƙarshen lumshewa. Na sa matar yaron ta goyo jaririyar. Uwar yara ta raka mu bakin ƙofa tana cewa, "Ku dai riƙe hannun juna, kada a ce ayarin masu tafiya cikin barci ne."

A ofishin muka tarar da layi har waje. Kowa da tasa Surukar. Akwai wani dattijo mai wuridi a kan sitiyari, ita kuma in ta ga baki na motsi sai ta ce hamma ce. Akwai wani mai ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon kudu, ta ce ba ya duban hanya, alhali shi ne ma yake ganin hanya biyu a lokaci guda. Akwai mai mura, atishawa ce ta kai shi.

Ina zaune a benci na ɗaga kai, sai na ga hoto a bango cikin gilashi, an rubuta Gwarzon Direban Shekara. Na murtsuke ɗan abin da nake da shi na ido na sake dubawa. Mujiya ne!

Duk tasharmu an san direban nan da ake kira Mujiya. Idanunsa fitilun tirela ne, manya, a waje. Kuma duk tasharmu an san cewa in yana barci ba ya rufe su. Na sha yi masa faci yana zaune a kan benci yana kallona, in yi ta zuba masa hira, sai in ji minshari. Matarsa ta ce sai ta ɗora masa tsumma a fuska take iya kwana a ɗakin. To tun da aka sa masa Suruka ba ta taɓa ko tari ba. Shi ne aka ba shi hoto da kambu.

Da layi ya zo kanmu, muka shiga wajen Ranka-ya-daɗe Mai Kula da Ƙiftawar Talakawa. Mutum ne mai fara'a, ba zan ci hakkinsa ba. Na jera masa hujjojina a gaban tebur: ni, yayata, yaron, da jaririya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga mu. Duk nan ba mai barci."

Ya leƙa jaririyar ya ce, "Wannan fa?"

Uwarta ta duba ta ce, "Wannan dai barci take yi."

Yayata ta ce, "Ke kuma wa ya tambaye ki?"

Ranka-ya-daɗe ya yi dariya har da buga tebur. Sannan ya gyara zama ya yi mana bayani, kuma a nan ne na ƙaru, ni da karatuna bai yi nisa ba. Ya ce na'urar ba ta kuskure. Ranar da aka ƙaddamar da ita, an yi taro, an yanka ƙyalle, Mai Girma Babban Uban Lafiyar Hanya da kansa ya hau tirela ya zauna a kujerar direba don a ɗauki hoto. Masu haɗa na'urar suka ce ana buƙatar idon mutum a farke don ta riƙe shi a matsayin ma'auni. Wa zai kawo wani ido alhali ga na Mai Girma? Aka auna nasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi Mai Girman yaya idonsa yake?"

Ya ce, "Tubarkalla. Dara-dara. Kuma ranar ya zare su sosai, don bai taɓa hawa abu mai tsawo haka ba."

To kun ji. Duk wanda idonsa bai kai na Mai Girma a tsorace ba, a wajen hukuma barci yake yi.

Na ce, "To ba za a iya sake auna ta da idon kowane direba ba? Kowa da nasa."

Ya ce ai an riga an yi wannan tunanin, har an kafa kwamiti. Kwamitin zai zauna da zarar shugabansa ya dawo. Na ce ina ya tafi? Ya ce hutu, likita ya ce ba ya samun isasshen barci.

Yayata ta ce, "Allah sarki. A liƙa masa filasta mana."

Na taka mata ƙafa, muka yi godiya muka fito. Ni ba na raina manya. Ina ma jinjina musu. Ramukan da ke kan hanyar nan, waɗanda akuya za ta faɗa a nemi igiya, ba a auna su ba. Wurin da direba zai raɓe ya runtsa in barcin gaske ya zo, ba a gina ba, kuma in ya tsaya a gefen titi a ce ya tare hanya. Amma fatar idon ɗana an auna ta, an kai rahotonta har sama. Wace ƙasa ce take kula da talakanta haka?

A hanyar dawowa yaron ya ce mini, "Baba, akwai wata filastar da ta fi wannan laushi. In na saba..."

Na tsaya cak a tsakiyar titi. Na ce, "In na sake ganin filasta a fuskarka, ni da kaina zan kai ƙararka, ba sai Suruka ba. Gara ka zauna muna raba abin da faci ya kawo da in je karɓo takalmanka."

Matarsa ce ta ce, "Ka ji dai abin da Baba ya ce."

Yanzu haka yana nan wajena, yana riƙe mini jak, yana kallon tireloli na fita yana haɗiyar yawu. Manaja ya ce zai ajiye masa motar iya yadda zai iya, amma siminti ba ya jiran kwamiti, kuma na ga direban da aka ba riƙo har ya rataya carbinsa a madubi. Jiya Mujiya ya wuce ta gabanmu da lodi har sama, idanu tar a kan hanya, abin sha'awa. Na ɗaga masa hannu, mai shayi ya ƙwala masa kira. Ko gezau. Ta wannan hanyar autata take bi zuwa makaranta, don haka yau da kaina na tsallakar da ita.

Ban san ranar da shugaban kwamiti zai farka ba. Ban san ko makullin nan zai dawo hannun ɗana ba. Kuma har yanzu ban san ko Mujiya a farke yake da ya wuce mu ba. Abin da na sani shi ne, in kun biyo ta bakin tasha kun gan ni ido a rufe, ku yi sallama, zan amsa. Masu ido a buɗe ne ba zan iya tsaya musu shaida ba.